Randar da Ta Je Fatakwal Ta Dawo a Buhu

Ɗana Nazifi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida yayanka Bashir da ka sauka a wurinsa, da mai ɗakinsa da yara. Yaya Kano, yaya shirin tafiya? Allah Ya sa Abujar nan da ka ƙwallafa rai a kanta ta karɓe ka da alheri, Ya tsare ka a hanya, Ya haɗa ka da abokan zama nagari. Mu nan gida alhamdu lillahi, ban da abin da zan gaya maka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali wayoyinka har biyu. Wayoyin ne suka jawo. Duk ranar da na zaunar da kai zan yi magana, kafin in kai tsakiya sai ɗaya ta yi ƙara, ka miƙe kana cewa, "Baba, yi haƙuri, kwastoma ce." To, ka kife su duka biyun ka karanta wannan, domin ran Juma'a in ka zo ɗaukar kaya da yin sallama ba na son mu yi wannan magana a gaban Innarku. Maganar kuwa a kanta take. Bayanta ya gaji, Nazifi, kuma kasuwancinka ne yake neman ƙarasa shi.

Shekaranjiya aka kira ni daga tasha wai an aiko saƙo da sunanka. Na tafi da murnata ina zaton wani abin kirki ne. Ɗan kamasho ya nuna mini buhu a gefe, na ɗaga na ji kacau-kacau. Na kwance bakinsa na leƙa, sai ga babbar randar nan mai zanen igiya a wuya, wadda Innarku ta gina wa matar Fatakwal da ta saya a wurinka. Kai ka biya kuɗin kai ta, ta isa a tsage, matar ta ce ba ta so, a canza mata, ka sake biyan kuɗin dawo da ita, a hanyar dawowa ta ƙarasa wargajewa. Ni kuma na biya kuɗin ajiya da na ɗan acaɓa. Muna tafe yaron ya waiwayo ya ce, "Malam, ciko za a yi a gida?"  Tsingaro, Nazifi! Abin da yake zube tuli a bayan gidanmu har kaji sun gaji da tona shi, shi ka yi wa kuɗin mota tun daga bakin teku. Ni ubanka ban taɓa taka Fatakwal ba, ga fasasshiyar randa ta je ta dawo.

Da na dawo na sa Bashir ya turo mini abin da ka rubuta a shafinka na sayar da kaya. Na karanta da idona: "Muna kai kaya kyauta ko'ina a Najeriya. In bai yi maka ba, dawo da shi, mu za mu biya." Ko'ina! Kai, ka san girman Najeriya kuwa? Kuma su waye "mu" ɗin?

Kada ka ɗauka ina hassada da sana'arka. Wallahi ranar da ka nuna mini hoton kaskon turaren Innarku a wani falo mai kujeru farare a Legas, sai da na shiga ɗaki na share hawaye. Na yi shekaru ina jan tukwanen nan a kasuwar Juma'a, ban taɓa kai su gaba da Dutse ba, kai kana kwance a kan katifa ka kai su inda ban yi mafarki ba. Wannan baiwa ce. Abin da yake ci mini rai shi ne, duk ramin da na faɗa ina saurayi, kai ma shi ka nufa, kuma a guje.

Lokacin ina koyarwa a firamare albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, sai in fitar da tukwanen Innarku kasuwa ran Juma'a. Akwai wani Malam Sule mai randa, Allah Ya jiƙansa, rumfarsa ce a bakin hanya, tawa tana ciki, duk mai saye sai ya bi ta gabansa kafin ya iso gare ni. Abin ya dame ni. Sai na yi dabara irin ta masu ilimin boko: na shelanta cewa duk wanda ya sayi randa a wurina, ni zan kai masa har gida a keke, kyauta. A raina ina hango 'yan cikin gari, in ɗan zaga bayan La'asar in gama. Ashe ɗan cikin gari ba ruwansa da kekena, ɗansa zai ɗora gammo ya ɗauka. Waɗanda suka yo mini caa su ne mutanen Lajawa da na gaba da Lajawa, da na ƙauyukan bayan Kausani inda sai ka sauka ka tura keke a rairayi. Daga baya na gano Malam Sule da kansa yake turo su. Da ya ji mutum daga nesa yake sai ya ce, "Je ka wurin malamin makaranta, shi har gida yake kaiwa." Ya riƙe na kusa, ya bar mini na nesa, yana zaune a inuwa yana cin goro. Asabar da Lahadi na ƙare su ina tura keke, ciniki ya ninka, amma kuɗin faci da na randunan da suka faɗo a hanya ya cinye komai. Ko kuɗin cefane ban ƙara wa gida ba.

Ka ji abin da kyauta take yi: wanda hanya ta fi yi wa tsada shi take kirawowa. Mutumin Kano zai aiko ƙaninsa ya karɓa. Mutumin Fatakwal da na Kalaba su ne za su yi maka layi, kuma ba kaskon turare za su saya ba, randa za su ce, mai nauyin buhun masara. Banza ba ta kai zomo kasuwa, Nazifi. Direba ba ya zuba kyauta a tankinsa. In ba mai saye ya biya ba, to wani ya biya.

Na san abin da za ka ce, domin ka taɓa faɗa mini: wai yanzu kowa haka yake yi, in ba ka rubuta kyauta ba mutane za su wuce. Wa kake kwaikwayo? Masu sayar da zobe da agogo, abin da za a sa a aljihu? Kai ƙasa gasasshiya kake sayarwa. In dole sai ka yi kyautar, ka shata mata iyaka. Ƙananan kaya marasa nauyi, kaskon turare da asusu, ga wanda ya sayi da yawa, kuma zuwa garuruwan da ka san direbobinsu, wannan kana iya ɗauke masa kuɗin mota, bayan ka riga ka sa shi a cikin farashi. Sauran kuwa ka faɗa ƙarara: kuɗin kaya kaza, kuɗin mota kaza. Mu a kasuwa gyara muke yi. Mace ta sayi tukwane, an gama ciniki, an yi sallama, sai ka ɗauko ɗan kasko ka ɗora mata a kai, ta tafi tana sa maka albarka. Amma ba wanda yake tsayawa a bakin kasuwa yana shelar gyara tun ba a taya ba. Da ka shelanta ta, ta zama haƙƙi, wanda ka yi wa ma ba zai gode ba.

Sai maganar dawo da kaya, wadda ita ce ta fi ba ni haushi.

Tulun nan da aka dawo maka da shi daga Legas wai yana yoyo, yana nan a zaure, ni nake shan ruwansa, kuma ban taɓa samun mai sanyinsa ba. Lafiyarsa ƙalau. Naso yake yi, kuma nason nan shi ne sanyin. Kai ka san haka tun kana rarrafe. Me ya hana ka gaya mata? Na san amsar, domin ni ma na yi. An taɓa kawo wata ma'aikaciyar asibiti nan garin daga kudu, ta sayi tulu a wurina, bayan kwana biyu ta dawo da shi ta ce yana zubar da ruwa. Kunya ta kama ni, ban so a ce ina musu da baƙuwa, na canza mata. Ta dawo da na biyun, na sake canza mata, ina murmushi kamar wawa. A na ukun ba ta dawo ba, sai ta bi gidajen ma'aikata tana cewa tulunan malamin nan duk a huje suke. Na yi asarar tuluna, na yi asarar suna, duk saboda na kasa buɗe baki in yi bayanin da bai fi numfashi biyu ba. Ita ba ta da laifi, ba ta taɓa shan ruwan tulu ba.

Masu sayen kayanka yawancinsu irinta ne. Sun ga hoto ya yi musu kyau, cinikin biri a sama suka yi. To, kafin ka karɓi kuɗin mutum ka tura masa saƙon murya: tulu yana naso, a ɗora shi a kan yashi ko faranti. Sabuwar tukunya ba a ɗora ta a wuta haka kawai, sai an jiƙa ta, an tafasa ruwan ƙasari a ciki da wuta kaɗan-kaɗan. Launi ba ya zuwa iri ɗaya, domin wuta ce take yi, ba inji ba. Wanda ya ji duk wannan ya ce ya fasa, ka gode wa Allah, ya rage maka wahala. Tukunyar da aka dawo da ita watan jiya fa? An ɗora ta a kan gas an ƙure wuta, gindin ya tsage, aka aiko ta ko wankewa ba a yi ba, da sauran miyar agushi a jiki. Ka karɓa, ka mayar da kuɗi, har da ba da haƙuri. Haba Nazifi! A wace kasuwa ake dawo da tukunyar da aka yi miya a ciki?

Ita kuwa mai tukwanen fulawa ta Abuja, ba na ma son tunawa. Ta yi odar manya-manya, suka isa ran Alhamis, ran Litinin ta ce launin bai dace da gidanta ba. Bashir ya nuna mini hotunan bikin ƙanwarta, ga tukwanenmu jere reras a bayan amarya. Aro ta yi, kai kuma ka biya mata kuɗin mota zuwa da dawowa. Ni ma wani ya taɓa yi mini haka da randuna ranar sunan ɗansa, amma ni sau ɗaya aka yi mini. Wanda ya ce ya canza ra'ayi, ba laifi, ɗan Adam ne, sai dai shi zai biya kuɗin motar dawowa, kuma sai kaya sun iso lafiya ka duba kafin ya ga kuɗinsa. Ka rubuta wannan a shafin da manyan baƙi, a wurin da ka rubuta "ko'ina".

Saura abin da ya fashe a hanya, wanda shi ne haƙƙin mai saye na gaskiya. A nan ba na son ka cuci kowa. Mutum ya biya kuɗin tukunya, tukunya za a ba shi, ba tsingaro ba. Amma ka san a hannun wa ta fashe. Ka tuna yadda ake sayen tukunya a nan: mace za ta ɗaga ta, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta kara kunne. In lafiyayya ce amonta garau yake fita, in da tsaga ko ido bai gani ba za ka ji muryar a dishe. Ni na taɓa raina wannan. Na haɗa kaya zuwa Dutse, ina sauri in koma makaranta, na miƙa wa direba ban ƙwanƙwasa ko ɗaya a gabansa ba. Ina juya baya ya ɗora buhunan shinkafa a kai. Da suka isa, mai kaya ya ce haka aka kawo masa, direba ya rantse haka na ba shi, ni ba shaida. Na haɗiye.

Kai da Allah Ya ba wayar da take ɗaukar murya da hoto, me kake jira? A tasha, a gaban direba, ka ƙwanƙwasa kowace ɗaya kana ɗauka a bidiyo, ka shimfiɗa ƙaiƙayi, ka ɗaure, ka ga inda ya ajiye, ka yi magana da shi a kan wanda zai ɗauki asara in ya yi ganganci. Mai saye ma ya ƙwanƙwasa a tasharsu kafin ya ɗauka. In ta fashe, ya turo hoto, ka mayar masa da kuɗinsa, gutsattsarin kuma ya zubar a can. Kada ka ƙara aiko mini buhu. Babbar randa kuwa, ka cire ta daga shafin gaba ɗaya. Ba a gina ta don doguwar tafiya ba, daga wurin gashi zuwa gindin bishiya a tsakar gida, tafiyarta ke nan.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni sukuni. Ran nan da na ce maka asarar ta yi yawa, ka tuna amsar da ka ba ni? Ka ce, "Baba, ai ƙasa ce, Inna za ta gina wata." Na yi shiru ka ɗauka na yarda. Ba yarda na yi ba, muryata na ji a bakinka. Na daɗe ina faɗar wannan magana. Duk randar da ta faɗo daga kekena, sai in dawo in ce mata, "Ba komai, ai ba saya muka yi ba." In lissafa faci, in lissafa kuɗin rumfa, in lissafa karan gashi, aikinta kuwa ban taɓa sa shi a lissafi ba. Ita kuma sai ta tashi ta jiƙa yumɓu. Kai ma haka kake yi, shi ya sa kake ganin kana cin riba.

Ka taɓa tsayawa ka kalli yadda ake gina randa tun daga farko har ƙarshe? Ba ɗan guntun da kake ɗauka a waya kana sa masa kiɗa ba. A haƙo yumɓu, a jiƙa, a tattake, a tsince tsakuwa. Sannan ta sunkuya, ita ce take zagaya randar da baya da baya, randar tana zaune, har ta kai wuya. A bari ta sha iska a inuwa, ana juya ta. A tara kara da itace, waɗanda yanzu sun yi tsadar da ba a magana, a gasa, tana tsaye a bakin wuta. Wannan ne kake rabawa kyauta ko'ina a Najeriya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: direbobi sun samu, 'yan kamasho sun samu, mai bikin Abuja ta samu, kai ka samu yabo a waya, ita ta samu ciwon baya.

Bayan Sallah na kai ta asibiti. Likita ya duba ya ce ƙashin bayanta ya gaji, ta daina aikin sunkuyo, in ba haka ba wata rana ƙafafun ma za su ƙi ɗaukarta. Ta hana ni gaya maka, ta ce kada a tayar wa auta hankali yana shirin tafiya. Na biye mata, ina ganin in kaya suka ragu za ta huta. Ina! Kowane buhu da ya dawo, sabon gini ne. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, kai ne, Nazifi, kuma ba ka ma sani ba.

Ba cewa nake ka bar sana'ar ba. Akwai matasan maginan tukwane a unguwar nan masu ƙarfi a jika, hannunsu ya faɗa, yawancinsu a wurinta suka koya. Ka ba su manyan ayyuka, ka biya su kafin kaya su bar Wudil. Da ka fara fitar da kuɗi daga aljihunka a kan kowace tukunya, da kanka za ka goge kalmar kyautar nan ba sai na yi maka faɗa ba. Innarku ka bar mata ƙananan kaskon turare, waɗanda za ta yi a zaune in ta ga dama, kuma su ma ka biya ta kamar yadda za ka biya bare. Za ta ƙi karɓa. Ka ajiye mata ka tafi.

Ga abin da ya sa na ce lallai ka karanta kafin Juma'a. Daren da na kawo buhun na ɓoye shi a bayan zaure, amma ta gani. Jiya da safe na tarar ta jiƙa yumɓu, mai yawa, na randa. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na rantse zan zubar. Ta dube ni ta ce, "Yaron nan ya yi wa mutane alkawari. So kake a ce ɗana maƙaryaci ne?"  Na san ta sarai, jira take ka hau mota ta fara. Ni ba za ta ji maganata ba, domin ni na koya mata cewa aikinta ba ya cikin lissafi. Alkawarin naka ne, kai kaɗai za ka iya warware shi.

Saboda haka ka mayar wa matar Fatakwal kuɗinta yau, ka gyara abin da ka rubuta a shafin yau. Ran Juma'a in ka iso, kada ka tsaya loda kaya, kada ka tsaya gaisawa da abokai a ƙofar gida. Ka zo da wuri, ka shiga ɗakinta ka zauna, ka ce mata da bakinka an fasa ginin randar, kuma ba za a ƙara ba. In ka tarar da ƙofar a rufe lokacin Azahar, kada ka buga, ka jira. Tun bayan Sallah a zaune take salla, kuma duk ranar da kake gida sai ta tura ƙofa don kada ka gani.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya yafe mini abin da na ɗora mata. Kai kuma Allah Ya yi maka albarka, Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya sa wa nemanka albarka, Ya dawo mana da kai kana mai jin ƙan iyayenka. Ka gaida Bashir.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.